A ba magina da maƙera aikin ƙawata gari

A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan rantsar da sabuwar gwamnati a Kano, aka wayi gari babu dogon ginin nan da ke tsakiyar shatale-talen gidan gwamnati. Cikin dare aka kai katafila ta kwantar da shi. A 2017 aka gina shi domin tunawa da cikar jihar shekara 50 da kafuwa, ke nan shekararsa shida kacal a tsaye. Dalilan da aka bayar ma ba su zo ɗaya ba. An ce ginin ba shi da inganci, an ce tsayinsa yana kawo cikas ga tsaro, wani babban jami'i kuma ya ce akwai siffar gicciye a jikinsa. Aka yi ta kai ruwa rana a gidajen rediyo da Facebook, masu jar hula na cewa an yi daidai, 'yan ɗaya ɓangaren na cewa huce haushi ne kawai. Daga baya gwamnati ta ce za ta sake gina irinsa a wani wuri.

Wannan rigima ta 'yan siyasa ce, su suka san yadda za su ƙare da ita. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk masu kumfar bakin, da sunan gwamna kowa ke magana, wannan na kare wanda ya gina, wancan na kare wanda ya rushe. In ban da matar da ta zana ginin, wadda mutane suka tausaya mata, ban ji wata unguwa ta fito ta ce an rushe aikin hannunta ba. Ban ji maƙeran wani layi sun ce mu muka ƙera ƙarfen jikinsa ba, ban ji magina sun ce mu muka yi masa ado ba. Gwamnati ta kawo, gwamnati ta ɗauke, mutanen gari 'yan kallo. Kuma haka akasarin kayan ƙawar biranenmu suke, daga Sakkwato har Maiduguri: ƙofar shiga gari, shatale-tale, dandalin taro, fitilun kan titi. A ba ɗan kwangila, ya zuba kankare, ya liƙa tayil da gilashi da falankin alminiyam da aka sauke daga jirgin ruwa a Legas, a zo a buɗe da kiɗa a ɗauki hoto. Bayan damina biyu tayil ya fara ɓamɓarowa. Babu mai iya gyaransa a garin, babu ma wanda yake jin gyaran ya rataya a wuyansa.

Ra'ayina shi ne a cikin kuɗin da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ke kashewa kan irin waɗannan ayyuka, a ware wani kaso sananne, a rubuce cikin doka, wanda zai tafi kai tsaye ga masu sana'ar hannu na garin, wato magina da maƙera da masu walda da masassaƙa da maginan tukwane da marina da dukawa. Ba tallafi nake nufi ba, irin wanda ake raba keken ɗinki da injin markaɗe gabanin zaɓe. Aiki nake nufi, babba, wanda za a tsaya a duba ingancinsa, a biya kuɗinsa cif, a rubuta sunan wanda ya yi.

Da irin wannan aikin ne sana'o'in suka kai inda suka kai tun asali. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, aikin magini ne, Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da ƙasa da azara ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, waɗanda masana gine-gine daga ƙasashen duniya suka riƙa zuwa suna aunawa suna mamaki, har aka kwaikwayi ginin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Babban Gwani bai zama babban gwani da gina akurkin kaji ba. Hukumar zamaninsa ce ta ɗora masa aikin da ya kusan fin ƙarfinsa, ta ba shi ma'aikata da lokaci, shi kuma ya nemo dabarar da zai fita kunya. Sarautun Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa da muke gani yau a wajen hawan salla, a da hanyar ba da aiki ce. In fada na son ƙofar ƙarfe ko sirdi ko gyaran ganuwa, ta san wanda za ta kira, shi kuma ya san gwanayen da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Mun riƙe rawanin, mun saki aikin.

Akwai wani abu a cikin tsohon ginin Hausa da nake so masu yawan zancen kare muhalli a ɗakunan taro su tsaya su duba. Magini in zai shafe rufin soro ko bango don kada ruwa ya ci shi, laso yake haɗawa. Da me ake yin laso? Da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini bayan baba ya gama aikinsa, wanda marina ke kwashewa su ƙona. Da gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya su zubar. Sai ruwan dafara mai yauƙi da ke haɗe su. Sharar marini da sharar majemi su ne simintin magini. Makuba kuma, wadda ake shafe bango da daɓe da ita, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, bayan an ci garin, an kai kalwar wajen masu daddawa. Majemi shi ma da bagaruwa yake jima, marini da toka yake haɗa ruwan babansa. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan a takarda, amma sana'o'in sun sarƙe da juna ta yadda abin da wannan ya yar shi wancan ke nema.

Wannan sarƙar ce ta tsinke, kuma tsinkewarta ta fi mutuwar kowace sana'a ɗaya ciwo. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, yau rijiyoyinsa da yawa a bushe suke. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yanzu kuwa atamfa da shadda daga Sin ake jibge su a Kantin Kwari, har da masu kwaikwayon zanen rinin gida. Ranar da karofi ya mutu, magini ya rasa katsi. Ranar da ya rasa katsi, sai ya shafa wa bangon ƙasa siminti, siminti kuwa ba ya jituwa da ƙasa, yana riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe ta ƙarƙashi, a wayi gari ya ɓare. Sai mai gida ya ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Shi ya sa nake ganin duk gwamnan da ya ba da aikin ƙofar gari ɗaya ta ƙasa da laso, ba magini kaɗai ya ba aiki ba, ya taɓa marini da majemi da mai jaki da ke ɗauko birji.

Kada a ɗauka wannan hali na tattala abu ya tafi da mutanen da. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, zai ga jikokinsa. Yaran da ke yawo da buhu suna tsintar gwangwani su ke ciyar da masu narka shi su zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya ta koma guga da takalmi da igiyar ɗaurin kaya. Ganga ta koma murhu da akwati da ƙyauren shago. Sifirin ɗin mota ya koma gatari da fartanya. Mutanen nan ba su taɓa halartar taron sauyin yanayi ba, amma tan nawa na ƙarfe suke hanawa zama shara a kowace shekara? A ɗaya gefen kuma, masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ko mutum bai damu da wannan ba, ya damu da aljihunsa, tunda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya. Sannan a garin da zafin bazara ke wuce maki 40, mun zaɓi bulo da kwano mu kwana muna fifita, mun bar katangar ƙasa mai kauri da ke riƙe sanyin dare har azahar.

To me muke yi wa masu sana'ar a yanzu? Baje koli. A shekara sau ɗaya a kafa rumfuna, a kawo su da 'yan jakunkuna da faifai da ƙananan tukwane, babban baƙo ya zagaya ya ɗaga ɗaya ya yi murmushi a hoto, a watse. Ko kuma mu mai da su abin nuna wa baƙi, Bature ya zo a kai shi karofi ya ga ana tsoma zane. Wannan ba ya hana ɗan marini sayen babur ya shiga acaɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

Labarin Ladi Kwali ya isa misali ta fuska biyu. Kowa ya san hotonta a bayan takardar naira 20, tana gina tukunya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ta kai can. Tun tana gina tukwane irin na Gwari a ƙauye, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya riƙa saye yana ajiyewa. A gidansa ne Michael Cardew, Baturen da gwamnati ta ɗauko ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ya ga tukwanenta. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. A can ta sami abin da gwani ke bukata: wurin aiki, murhun gashi mai zafin gaske, albashi, da abokan aiki masu wata fasahar daban da tata. Aka nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Wannan fuska ɗaya ke nan, cewa gwani na bukatar ma'aikata da mai saye na dindindin. Fuska ta biyu ba ta da daɗi. Tukwanen da aka gasa a cibiyar sun yi nauyi da tsada, sun tashi daga abin ɗiban ruwa sun koma abin ajiyewa a falo, masu sayensu kuma akasari baƙi ne da manyan ma'aikata. Cibiyar da ke ɗauke da sunanta ta daɗe da durƙushewa. A ganina sana'ar da ta dogara da sha'awar baƙo, ranta na hannun baƙon. Wadda garinta ke amfani da ita kullum ita ce ke daɗewa.

Wanda ke son ganin abin da nake nufi a aikace, ya tsallaka iyaka zuwa jihar Tawa a Nijar. A can akwai ƙauyen Yama, inda wani magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi da hasumiyoyi har farkon shekarun 1980. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine na duniya. Manomi ne kuma magini, ba shi da digiri. A wani ƙauyen na yankin, Dandaji, akwai tsohon masallaci irin wannan ginin da ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har ana shirin rushe shi a yi na siminti. Sai Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine da ta kafa ma'aikatarta, Atelier Masomi, a Yamai a 2014, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa.

Yadda aka yi aikin shi ne abin dubawa. An nemo maginan da suka yi tsohon ginin aka sa su cikin aikin, suka kawo saninsu na ɗaurin rufi, su kuma aka nuna musu sababbin hanyoyin ƙarfafa ƙasa da kare ta daga zaizaya. Bulon sabon masallacin da jar ƙasar wurin aka yi shi, ana matse ta da inji. Kankare bai shiga ba sai inda ya zama dole, kamar ginshiƙai. Akasarin kayan aikin daga kewayen ƙauyen aka samo su. Aka gama a 2018. A 2018 ɗin dai ma'aikatar ta gina wa Dandaji kasuwa, a kewayen tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar mako a gindinta. Da yake wurin ba ya raya itace da sauƙi, sai aka ƙera wasu faya-fayan ƙarfe masu launi-launi daga tsohon ƙarfe, aka ɗaga su a kan sanduna, wani sama da wani, suna ba da inuwa iska na ratsawa. In ka gan su daga nesa abin kallo ne, in ka shiga ƙarƙashinsu mai tumatir ce ke zaune a inuwa. Irin ƙawar da nake roƙa wa biranenmu ke nan. Ƙauye mai mutum wajen 3,000 ya samu, Kano da Katsina da Zariya na fama da tayil.

Na san abin da za a fara ce mini, kuma magana ce mai nauyi: ruwa. A ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariyar nan da na yaba ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. Duk damina ana jin gidajen ƙasa sun danne mutane a ƙauyuka. Wanda ya binne ɗan'uwansa ta wannan hanya ba zai saurari waƙar yabon tubali ba, kuma yana da gaskiya. Amma a duba da kyau. Masallacin Zariya ya kusan shekara 190 kafin wannan rana. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye a Katsina, ta Agadas mai tsayin mita 27 na nan, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ginin ƙasa yana da sharaɗi ɗaya da ba ya yafewa, a duba shi duk shekara, a gyara indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. A da akwai masu wannan aikin, kuma akwai lokacinsa, bayan an kawar da amfanin gona. Da muka daina ba magina aiki, 'ya'yansu suka bar sana'ar, sai gine-ginen suka zama marayu. Ga kuma damina da ta sauya hali, ga magudanan da muka toshe da leda, ruwa na kwanciya a gindin bango. Ban ce a yi asibiti mai hawa biyar da tubali ba. Na ce inda ƙasa za ta yi, a yi da ita, a sa injiniya ya auna, a ɗora ta kan harsashin dutse ko kankare, kamar yadda aka yi a Dandaji. Gine-ginen kankare ma ai suna rushewa a Legas da Abuja da Kano, ba wanda ya ce a daina siminti.

Sai batun addini, wanda wasu ke kaucewa. Galibin malamanmu sun hana sassaƙa surar abu mai rai, jama'a kuma ba sa son mutum-mutumi a tsakiyar gari. Ni ma ba shi nake nema ba, kuma ban ga asarar da muka yi ba. Mutanen da suka fitar da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, da zanen ƙwarya, da zankwaye a kan soro, da adon da magina ke yi wa fuskar zaure, ba su rasa abin da za su tsayar a shatale-tale ba. Abin da muka rasa shi ne shawara. Da ana baje zanen kowane irin wannan aiki a fili kafin a fara, malamai da masu unguwanni da masu sana'a da 'yan makaranta su gani su tofa albarkacin bakinsu, da gardamar ko akwai gicciye ko babu a kan takarda za a yi ta, inda gogewa ba ta cin ko kwabo.

Masu cewa ana fama da yunwa wa ke ta ƙawa, amsarsu gajeriya ce. Ana kashe kuɗin ko mun so ko mun ƙi, kowane gwamna sai ya yi shatale-talensa. Tambayar ita ce aljihun wa za su shiga, na mai masana'antar tayil a wata ƙasa, ko na mai walda a Panteka da ke da yara goma a ƙarƙashinsa.

Su ma masu sana'ar ba zan wanke su tas ba, don in an tashi ba su aikin jama'a dole a faɗa musu gaskiya. Akwai saɓa alkawari. Duk wanda ya taɓa ba da aikin ƙofa ko gado ya san "ranka ya daɗe, jibi in Allah ya so ka zo ka ɗauka", jibin da ke kai wata biyu. Akwai raina awo, a yi taga huɗu kowace da faɗinta. Akwai ɓoye sani, gwani ya gwammace ya mutu da dabararsa da ya koya wa wanda ba ɗan gida ba. Kuma ba duk aikin hannu ne ke tausaya wa muhalli ba. Masu rinin zamani da ke aiki da galura da soda suna tuttular da ruwan a kwata ya bi unguwa. Masassaƙa da masu gawayin ƙira sun taimaka wajen ƙarar da ƙirya a dazuzzuka da yawa. Giginyar da ake tsaga azara da ita tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma mun sare fiye da yadda muka shuka. Duk tsarin da zai ce a koma ga azara bai ce a dasa giginya ba, ya gyara wuri ɗaya ne ya ɓata wani.

Wannan ne ya sa nake ganin abin da ya fi dacewa shi ne ma'aikata irin ta haɗin gwiwa, inda mai ilimin zane da gwanin hannu za su zauna a inuwa ɗaya. Zariya na koyar da zane-zane da sassaƙa a matakin gaba da sakandare tun shekarun 1950, jami'o'i da kwalejojin fasaha na yaye masu zanen gine-gine duk shekara, da yawansu na yawo da takardu babu aiki. Tsakanin Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, da unguwannin magina da maƙera na cikin birni tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma sau nawa suke haɗuwa kan aiki ɗaya? Ɗan jami'a ya iya awo da lissafin nauyi da rubuta takardar neman kwangila. Gwani ya san halin ƙasar kowane kududdufi da yadda ƙarfe ke nuna ya yi laushi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara irin wannan kusantar da masu sana'ar Panteka, ana gwada su ana ba su takardar shaidar ƙwarewa, abin a yaba ne. Sai dai takarda ba ta ƙoshi in babu aikin da za a nuna ta a samu. Kuma a yi hattara, kada haɗin ya zama na doki da mahayi, mai digiri ya karɓi kuɗi da suna, gwani ya tashi da ladan yini.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Faransa na da doka tun 1951 da ta ce a ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantun gwamnati domin aikin fasaha da za a ƙawata ginin da shi, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa sauran gine-ginen hukuma. Mu namu ya kamata ya fi haka faɗi, ya haɗa da abin amfani: rumfunan kasuwa, wurin jiran mota, bencin asibiti, ƙyauren makaranta, randunan ruwan sha a tasha, labule da shimfiɗun ofisoshi, har kyautar da gwamna ke miƙa wa baƙo, wadda sau da yawa daga Dubai ake sayo ta alhali dukawa na zaune. Majalisar dokokin jiha ɗaya ta isa ta fara.

Cikas ɗin da za a fara karo da shi dokar ba da kwangila ce. Tana neman rajistar kamfani da shaidar biyan haraji ta shekaru da takardun banki, abubuwan da maƙeri mai shekara arba'in a bakin maƙera bai taɓa mallaka ba. Haka ake yi ɗan kwangila ya karɓi aikin, ya zo ya ba maƙerin a kan abin da bai kai rubu'i ba. Sai a buɗe wa wannan kason ƙofarsa daban, ƙungiyar masu sana'a mai rajista ko ma'aikatar haɗin gwiwa ta nema da sunanta, a biya kashi-kashi bisa abin da aka gani an gama, a sa sharaɗin ɗaukar yara masu koyo, mata da maza, tunda ginin tukwane da saƙar faifai da tabarma da daɓe akasari a hannun mata suke. Allon da ake mannawa a jikin aiki, wanda yanzu sunan gwamna da na kwamishina kaɗai ke kai, a ƙara masa sunayen gwanayen da unguwanninsu. A kuma rubuta cewa ba a rushe irin wannan aiki sai an kai maganar gaban majalisa an saurari jama'a.

Sannan kuɗin gyara. A cire shi tun farko daga cikin kuɗin aikin, a ajiye shi da sunan waɗanda suka yi, su riƙa dawowa duk shekara suna dubawa, ana biyansu. Wanda zai rubuta dokar kuma ya zauna da magina kafin ya sa alƙalami, don akwai abubuwan da ba a sani daga ofis. Ba a yin tubali da damina. In aka amince da kasafi a Janairu amma kuɗin bai fito ba sai Yuli, kamar yadda aka saba, shekarar ta wuce ke nan. Aikin ƙasa daga kaka ake fara shi, a gama rufi da shafe kafin ruwan farko, don haka kuɗinsa ya kamata ya kasance a hannu tun watan Nuwamba.